Ƙyauren Ciki

Shekara talatin da huɗu ina tsaron ƙofar ruwa
a Harlingen, inda teku ke leƙen gari
kamar mai bin bashi.
Ni Douwe, ɗan Rinske mai gasa burodi,
na san kukan ƙyaure idan ya gaji,
na san ranar da katako zai fara hawaye
tun ido bai ga ɗigo ba.

Sai ga ni, mai gyaran ƙofar jama'a,
matakala bakwai ta gidanmu ta zame mini tsauni.
In taka uku, in duƙa, in yi ƙaryar ɗaure takalmi.
Ƙafa ta kumbura, kwanciya ta gagara,
matashi uku a bayana, na kwana zaune kamar mai gadi.
Sjoukje ta gaji da tambaya, ta ɗauko mini hula,
ta ce, "Taurin kai ba ya maganin haki. Tashi."

Likita Rijpkema, sa'ar 'yata ce,
ta shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, ta juyo allo:
ja da shuɗi suna kokawa cikin duhu.
Ta ce, "Ga ƙofar hagu, mai ganye biyu.
Igiya ɗaya ta tsinke, ganye ya saki,
duk bugun da ta yi, wani jinin baya yake komawa."
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Na ce, yarinya, ai wannan sana'ata ce.
Ba ambaliya ke cin gari ba,
yoyo ne, mai haƙuri, wanda ba ya hutun Lahadi.

"Ba cirewa za mu yi ba," in ji ta, "ɗinki ne.
Zare a gurbin igiya, zobe a bakin ƙofa ya tsuke ta.
Naka ya fi ƙarfe sanin halinka."
Na ce, to jinin fa, ina zai jira?
Ta ce inji zai riƙe shi.
Na gyaɗa kai. Mu ma haka muke yi:
a datse sama, a datse ƙasa,
a ba famfo amanar ruwa,
a sauka busasshen rami da fitila.
Sai dai ni ban taɓa zama ramin ba.

Safiyar Talata a Leeuwarden
suka aske mini ƙirji, suka ce in ƙirga.
Na ƙirga jiragen da na buɗe wa hanya,
ban kai na biyar ba.

Daga baya aka ba ni labari, kamar na wani:
minti saba'in da ɗaya zuciyata ta yi shiru,
ita da ba ta taɓa neman hutu ba tun ina cikin Rinske.
Da aka gama ɗinki, kafin a rufe,
sai ta cika ɗakin da ruwan gishiri,
ta tsaya tana kallo.
Ganye ya haɗa baki da ganye.
Ko ɗigo.
Da na ji haka na juya fuska bango,
don ni ma da ruwa nake gwada aikina,
ni ma nakan yi irin wannan tsayuwa.

Mako shida ina rungumar matashi in zan yi tari.
Ƙashin ƙirji na ciwo, abinci ba daɗi,
na yi wa Sjoukje faɗa a kan miya, ba laifinta.
Ranar da na hau bakwai ɗin nan ban duƙa ba,
ban faɗa wa kowa ba. Na sauko, na sake hawa.

Jiya da dare ta ɗora kunne a ƙirjina,
ta daɗe.
Ta ce, "Wannan shuuu ɗin da ke bin kowane bugu,
shekara biyu ina jin sa ban gaya maka ba,
ya tafi."
Ta gyara bargo, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa.
"Yanzu kuma shirun ne ya hana ni barci."